Daga Wuri Zuwa Biza: Yadda Kanawa Suka Fara Zuwa Asiya

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Abin da ya jawo maganar yau hira ce da aka yi a majalisarmu ta Court Road, nan Gyaɗi-Gyaɗi, bayan sallar isha'i. Wani abokinmu da ke sayar da waya a Farm Centre ya miƙo mana bidiyo: farin yashi kamar garin alabo, ruwa shuɗi garau kana hango kifi a ƙasansa, ga wasu samari huɗu baƙaƙe irinmu suna tsalle daga kwale-kwale. Ya ce Maldives ke nan, kuma idan muka haɗu mu biyar muka yi adashi na shekara guda, muka kama ɗaki biyu maimakon biyar, za mu iya zuwa. Nan take aka hau lissafi a waya. Akwai wani dattijo, tsohon ɗan Kantin Kwari, da yakan zauna gefen mai shayi yana sauraronmu. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya gaya mana shi ya je Hong Kong ya fi sau goma, amma bai taɓa sa ƙafarsa a teku ba, iyakarsa ya hango ta ta tagar jirgi.

Maganar nan tasa ce ta sa na je na yi karatu. Abin da na fara cin karo da shi kuwa ya ba ni mamaki: wannan bakin tekun da muke son tara kuɗi mu je mu gani, daga can kuɗin Kano ya fito. Ba salon magana nake yi ba, kuɗin kansa nake nufi.

Kun san wuri? Ɗan farin ƙoƙon nan da ake gani a jikin kayan 'yan tauri, ko a adon ƙwarya. Kafin Turawa su kawo anini da sisi da sule, da shi ake cinikayya a Kasuwar Kurmi. Masana harshe ma sun ce kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Wuri wata ƙaramar halitta ce ta teku, dangin katantanwa, kuma inda aka fi samun irin wanda aka yi kuɗi da shi su ne tsibiran Maldives, wajen tsibiri 1,200 a kudu maso yammacin Indiya. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi, halittun su manne, a jawo su a baza a yashi, rana ta kashe su, naman ya ruɓe, a wanke ƙoƙon. An buga kuɗi ke nan, ba injin ba gwamnan babban banki.

Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya zauna a Maldives wajen 1343 zuwa 1344, har alƙalanci ya yi musu. Ya rubuta cewa a can ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinari, wani lokaci ma ya fi haka araha. Bayan kusan shekara goma ya zo Mali da Gao, ya tarar wuri 1,150 ne dinari ɗaya. Ku ɗan auna wannan ratar. Duk wani ɗan canji da ke Wapa yau, idan ya ji wannan ribar sai ya riƙe baki.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Hanyar da ya biyo doguwa ce, kuma ba mai daɗin ji ba. Jiragen ruwan Holan da Ingila sukan loda shi daga Indiya da Silan, wato Sri Lanka ta yau, su kai Amsterdam da Landan, daga nan a sake loda shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a sayi bayi da shi. Daga bakin teku ya haura ta ƙasar Yarbawa da Nufawa har ya iso mu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ake ba da azurfar dala guda. Ana ƙirga shi zambar-zambar, a zuba 20,000 a keso ɗaya, kuma akwai masu sana'ar ƙirgar kawai. Daga baya 'yan kasuwar Jamus suka riƙa kwaso wani iri mai araha daga Zanzibar, ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ya kai kuɗin ɗaukar wuri zuwa wani gari yana neman cinye wurin kansa. Faɗuwar darajar kuɗi dai ba yau muka fara ganinta ba. A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi.

To, kayan Asiya sun daɗe suna zuwa mana. Mu fa, yaushe muka fara zuwa can?

Hajji ne ya fara kai mu, domin kada a manta, Makka da Madina a nahiyar Asiya suke. Kuma duk dabarar tafiyar araha da abokina ke kawowa yau kamar sabon abu, kakanninmu sun riga shi. Ba wanda ke fita shi kaɗai. Ayari ake yi, kamar yadda fatake ke yi zuwa Gwanja sayen goro: ga madugu mai shugabanci da sasantawa da sarakunan hanya, ga jagaba da ya san hanya, ga zango inda ake yada kaya, ga fatoma mai masauki wanda shi ne kuma dillali. Mahajjaci yakan bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya isa bakin Nilu, ya gangara Suwakin ko Port Sudan, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ya ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago ko ɗinki a tara na gaba. Tafiyar takan ci shekaru, wasu a haife su a hanya su isa Makka da wayonsu. Da yawa ba su dawo ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda har yau sunansa Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin audugar Gezira a 1925, mutanenmu na cikin waɗanda suka riƙe aikin.

A wannan shekarar ta 1925 ne kuma, ranar 1 ga Nuwamba, jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, karo na farko da jirgi ya sauka a Najeriya. Amma talaka bai amfana nan da nan ba. Sai a 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta na Turanci shi ne WAPA. Da motoci suka fara, zuwa Sudan, daga baya aka koma jirgin sama. Eh, daga nan sunan Wapa ta Fagge ya samo asali. Wurin da muke zuwa sayen dala yau, ofishin tafiya gabas ne tun fil azal.

Sauran Asiya kuwa, Indiya da abin da ke bayanta, a majigi muka fara ganinsu. Tun wajen shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya, Kanawa suka rungume su hannu bibbiyu. Iyayenmu da suka taso a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, tambaye su sinimar Marhaba ta Farm Centre. A can saurayi zai zauna a fili, sama buɗe, ya ga Bombay da duwatsun Kashmir da bakin teku, ya fito ya hau kekensa ya koma gida. Buɗe ido na farko ke nan, a kan kuɗin tikiti ɗaya. Ni ina ganin sha'awar da ke sa mu kallon bidiyon Maldives yau jikar waccan ce, allon ne kawai ya ƙanƙance ya shiga aljihu.

Yanzu mu zo zamanin dattijonmu na gefen mai shayi, wanda shi ne ya fi daɗin labari.

A farkon shekarun 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Masaƙu na aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa da Kaduna, atamfa a nan ake buga ta. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, aka karya darajar naira, dala ta koma wajen naira huɗu cikin ɗan lokaci. Wuta ta yi ƙaranci, kayan gyaran injuna suka yi tsada, masaƙu suka fara tari. Ɗan kasuwa kuma ba ya zama ya jira. Wanda ya saba sayo kaya a Jidda lokacin Umara ya ji labarin Dubai, ya tafi unguwar Deira, inda ake samun gwal da turare da yadi da agogo. Daga Dubai aka gane ashe kayan ma ba a nan ake yin su ba, sai aka ƙara gaba: Bombay don yadi, Bankok don kayan sawa a kasuwar Pratunam, Jakarta, sannan Hong Kong.

A Hong Kong akwai wani gini a titin Nathan, Chungking Mansions, bene mai hawa 17 da aka gina a 1961. Ƙasansa shaguna ne da 'yan canji da gidajen abinci na Indiyawa da 'yan Pakistan, samansa kuma ɗakunan haya ne ƙanana, wasu idan ka buɗe ƙofa gado ne zai tare ka. Nan ne zangon 'yan kasuwar Afirka. Wani malamin jami'a, Gordon Mathews, ya yi shekaru yana bincike a ginin, ya fitar da littafi a 2011, inda ya ƙiyasta cewa a wani lokaci kusan kashi ɗaya cikin biyar na wayoyin da ake amfani da su a Afirka kudu da Sahara ta wannan gini suka biyo. Wato akwai yiwuwar wayar farko da babanku ya riƙe ta kwana a can.

Yadda suke tafiyar shi ne abin lura. Mutum uku ko huɗu daga layi ɗaya a Kwari, jirgi ɗaya, ɗaki ɗaya, wani a gado wani a ƙasa. A jaka akwai kilishi da dambun nama da yaji da garin kunu, saboda tsoron naman da ba a san yankansa ba, saboda kuma kowace dala da aka ci a ciki an rage ta ne daga kaya. Wanda ya taɓa zuwa shi ne madugu. Wanda ya zauna a can ya iya yare shi ne fatoma, ya tarbe ka a filin jirgi, ya kai ka masauki, ya kai ka masana'anta, ya ci la'adarsa. Wanda bai da kuɗin jirgi ya ba da saƙo a sayo masa. Ayarin Gwanja ne sak, jaki kawai aka musanya da jirgi. Kwana goma, daga masauki sai shago sai wurin awon kaya. Shi ya sa mutum zai je birnin da teku ta kewaye sau goma bai taɓa ruwanta ba. A wurinsu wanda ya kashe kuɗin jirgi don kallo kawai, ai sai a yi masa addu'a.

A 1997 tattalin arzikin Tailan da Indunusiya ya rushe, 'yan Afirka da yawa da ke Bankok da Jakarta suka tattara suka nufi Guangzhou a kudancin Chaina. A Disambar 2001 Chaina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Musulmin Afirka ta Yamma suka fi taruwa a unguwar Xiaobei, inda ake samun abincin halal, 'yan uwanmu Ibo kuma suka fi yawa a Sanyuanli. Mai neman ƙananan kaya ya wuce Yiwu, mai neman waya ya tafi kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen, birnin da kamfanin da ke yin Tecno da Itel yake. Da yawa daga cikin abin da ke gilasan Farm Centre daga wannan yankin yake. Ɗan Kwari kuma ya ɗauki samfurin atamfa ya kai a buga masa irinta a rabin kuɗi. Ya ci riba, gaskiya ne, amma a daidai wannan lokacin ne masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, na Kano ma suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya 'yan Chainan suka ce me zai sa mu jira ku zo, suka biyo hanya suka kama shago a Kwari da kansu.

Wani abu ɗaya da na ji 'yan kasuwarmu na ɗan tsayawa su gani a Guangzhou shi ne tsohon masallacin Huaisheng, da wani kabari da Musulmin can ke dangantawa ga Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Malaman tarihin Musulunci dai sun tafi a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Amma ko ba komai, wurin na nuna Musulmi sun kai can sama da shekara dubu.

Zaman Guangzhou bai kasance lafiya lau ba. A Yulin 2009 'yan Afirka sun yi zanga-zanga a gaban ofishin 'yan sanda bayan wani ɗan Najeriya ya diro daga bene yana gudun masu duba fasfo. A Afrilun 2020, lokacin korona, aka riƙa korar baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Chaina ya nuna masa bidiyon.

To yaushe kallo ya shigo? A ganina ɗalibai ne suka kawo shi. Daga shekarun 2000 yaran Arewa suka fara cika jami'o'in Malesiya da Indiya, wasu da kuɗin iyaye, wasu da tallafin gwamnatin jiha, kamar rukunin 501 da Kano ta tura ƙasashen waje a 2012. Ɗalibi yana da abin da ɗan kasuwa ba shi da shi, wato lokaci. Hutu ya zo, kuɗin dawowa gida ya yi yawa, sai abokai su haɗu su hau bas ko jirgi mai araha zuwa Langkawi ko Goa ko Taj Mahal. Hoton gaban tagwayen benayen Petronas ya faɗo Facebook, ƙanne a Tarauni suka gani. Sai Dubai ta zama wurin amarci da sayayyar lefe. Ita kuma Maldives, wadda da sai attajirai a keɓaɓɓun tsibirai, a 2009 gwamnatinta ta halatta wa 'yan ƙasa buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune, irin su Maafushi. Ƙasar Musulmi ce, akwai masallaci, abinci halal ne, ba a sayar da giya a waɗannan tsibiran, kuma a ƙa'ida ana ba kusan kowane baƙo bizar kwana 30 kyauta idan ya sauka da tikitin komawa da shaidar masauki. Wannan ne ya sa ta shiga bakin majalisu irin tamu.

Sai dai ƙofar ta buɗe ne daidai lokacin da aljihu ke rufewa. A 2014 dala tana wajen naira 160. Bayan an saki naira a Yunin 2023, kafin a kai Maris na 2024 ta haura 1,500. Fasfo da ake yi a ofishin shige da fice na Farm Centre, mai shafi 32, ya koma naira 50,000 a Satumbar 2024, ya zama 100,000 a Satumbar 2025. Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a Oktoban 2022, ba ta dawo ba sai Yulin 2024, da sharuɗɗa masu tsauri. Tailan da Indunusiya da Malesiya kuwa, sai ka fara samo takardar wanke kai daga hukumar NDLEA.

Wannan takardar tana da dalili, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Tafiyar da ta fi kowace araha ita ce wadda wani ya ce zai biya maka komai, kai dai ka riƙe masa 'yar jaka. A Afrilun 2015 Indunusiya ta harbe mutum takwas kan laifin ƙwaya a tsibirin Nusakambangan, huɗu daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Kuma ba sai ka yarda ba ma. A Disambar 2018 wata ɗaliba ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta da 'yar uwarta, aka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da Tramadol da aka liƙa wa sunanta. Sai da bincike ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin suka yi aika-aikar, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata huɗu a tsare. Al'adarmu ta karɓar saƙo, wadda ta riƙe kasuwancin iyayenmu shekara da shekaru, ita ce yanzu ake ɗana tarko da ita. Akwai kuma sabon salo, tallan aikin kwamfuta a Tailan ko Kambodiya da albashin dala, mutum ya je a ƙwace fasfonsa a tsallaka da shi sansanin 'yan damfara a iyakar Myanmar. An kuɓutar da 'yan Afirka da dama daga irin waɗannan wurare.

Game da adashinmu kuwa, tunda na san za ku tambaya. Mun fara mu biyar. Wata na huɗu ɗaya ya zare, an sa masa rana. Wani kuma da kwasarsa ta zo, ya dubi kuɗin ya dubi farashin tikiti ta Addis Ababa da ta Doha, washegari muka gan shi da sabon babur. Mun rage mu uku, muka yanke shawarar duk abin da aka tara a kai Wapa a mayar da shi dala tun kafin ya narke. Dattijonmu ya ce idan Allah ya sa mun je, ba ya son turare ba ya son agogo, mu tsinto masa wuri guda ɗaya a bakin ruwan, yana so ya nuna wa jikokinsa. Na duba, ashe Maldives ta hana fita da wasu nau'o'in ƙoƙon teku, don haka sai mun tambaya a can kafin mu sa komai a jaka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu. Wanda babansa ko kawunsa ya yi zamanin Hong Kong ko Bankok, ya tambayo mana shi nawa ne kuɗin jirgi a lokacin.